Dutsen Zagami: Yadda masana ke gano shekarun ƙasar duniyar Mars

A ranar 3 ga watan Oktoban 1962, kwana biyu bayan Nijeriya ta yi bikin cika shekara biyu da samun 'yancin kai, wani baƙin dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a cikin wata gona kusa da dutsen Zagami, a tsohon Lardin Katsina. Wurin yana cikin ƙaramar hukumar Faskari ta yanzu, wadda ta yi iyaka da Jihar Zamfara.

Sai da aka shafe fiye da shekara 20 kafin masana kimiyya su gamsu cewa daga duniyar Mars wannan dutse ya fito. A yau yana daga cikin duwatsun sama da aka fi gudanar da bincike a kansu, domin yana taimakawa wajen amsa wata babbar tambaya: ta yaya za a san shekarun ƙasar wata duniya wadda ɗan Adam bai taɓa sa ƙafa a kanta ba?

Abin da ya faru a Zagami

Bayanan da masana suka adana sun nuna cewa wani manomi yana cikin gonarsa sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa, iska mai ƙarfi ta buge shi, sannan ya ga hayaƙi ya tashi. Dutsen ya nutse cikin ƙasa kamar mita 3 daga inda yake tsaye, a ramin da zurfinsa ya kai santimita 60. Daga baya aka tono shi aka kai hukumar binciken ma'adinai da ke Kaduna.

Bayan dutsen baƙi ne wuluk, saboda fatarsa ta narke a lokacin da yake ratso iskar da ke kewaye da duniya cikin tsananin gudu. Cikinsa kuwa ruwan toka ne. Irin wannan dutse ya sha bamban da abin da Hausawa ke kira gatarin aradu, wanda masu binciken kayan tarihi suka tabbatar makami ne da mutanen da suka sassaƙa da hannunsu.

Duwatsun Mars guda biyar ne kawai aka ga faɗowarsu da ido aka kuma tsince su: na Chassigny a Faransa a 1815, na Shergotty a Indiya a 1865, na Nakhla a Masar a 1911, na Zagami a 1962, sai na Tissint a Maroko a 2011. Wato uku daga cikinsu a Afirka suka faɗo. Darajar irin waɗannan ita ce an ɗauke su tun kafin ruwan sama da ƙasa su gurɓata abin da ke cikinsu.

Arewacin Nijeriya ya ga faɗowar wasu duwatsun sama, kamar na Kabo a Kano a 1971, na Mayo Belwa a Adamawa a 1974, na Gujba a Yobe a 1984, da na Kilabo a Jigawa a 2002. Amma dukkansu ɓaraguzai ne na ƙananan duwatsun da ke kewaya rana, kuma shekarunsu sun kai biliyan 4 da rabi. Na Zagami ne ya fita daban.

Yaya aka san daga Mars ya fito?

Hujja ta farko ita ce irin dutsen. Narkakken dutse ne da ya kwarara sannan ya daskare, irin wanda masana ke kira basalt, kamar baƙaƙen duwatsun da ake gani a tsaunin Biu a Jihar Borno.

Hujja ta biyu ita ce ƙuruciyarsa. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ya daskare ne kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Ƙananan duwatsun da ke kewaya rana sun huce tun farkon samuwarsu, kamar yadda ƙaramar tukunya ke riga babba hucewa. Saboda haka dutsen aman wuta mai irin waɗannan shekaru dole ne ya fito daga wata babbar duniya wadda cikinta ya daɗe yana da zafi. Sinadaran da ke jikinsa kuma sun nuna cewa ba na wannan duniya tamu ba ne, ba kuma na wata ba ne.

Hujja ta uku ce ta raba gardama. A 1976 wasu kumbunan Amurka guda biyu masu suna Viking sun sauka a Mars suka auna haɗin iskar da ke can. A 1983 masana biyu na hukumar NASA, Donald Bogard da Pratt Johnson, suka gano wata iska da ta maƙale a cikin wani dutse da aka tsinta a nahiyar Antatika, wadda haɗinta ya yi daidai da abin da Viking suka auna. A 1995 wata tawaga ƙarƙashin Kurt Marti na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ta samu irin wannan iska a cikin dutsen Zagami.

Abin da ya fitar da shi daga Mars kuwa karo ne. Wani ƙaton dutse ya faɗa wa duniyar da ƙarfin da ya isa ya cilla ɓaraguzai sama da gudun da ya wuce kilomita 5 a cikin daƙiƙa guda, wanda shi ne gudun da ake bukata kafin abu ya kuɓuce wa jan Mars. Alamun wannan karo suna nan a jikin dutsen. Wasu daga cikin ma'adinansa sun rikiɗe sun zama gilashi, kuma matsin ya haifar da wasu sababbin ma'adinai da ba a san su ba a da. Ɗaya daga cikinsu an sa masa suna zagamiite, don tunawa da ƙauyen.

Daga nan dutsen ya yi kusan shekara miliyan 3 yana yawo a sararin samaniya kafin ya faɗo. Ana sanin haka ne ta hanyar auna sauye-sauyen da hasken sararin samaniya mai ƙarfi ya haddasa a jikinsa a tsawon tafiyar.

Agogon da ke cikin dutse

Wasu sinadarai ba su da zama lafiya. A hankali suke rikiɗewa su koma wani sinadarin dabam, kuma saurin rikiɗar tasu ba ya canzawa, ko da zafi ko da sanyi. Yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit a Jamhuriyar Nijar, yana komawa dalma. Nau'insa mafi yawa yakan ɗauki kimanin shekara biliyan 4 da rabi kafin rabinsa ya rikiɗe. Wani nau'in fotasiyam kuma yana komawa iskar argon, kuma rabinsa kan rikiɗe a cikin shekara biliyan 1 da miliyan 250.

Misalin abin shi ne buhun gero da aka ɗaure bakinsa, wanda aka san cewa duk shekara rabin geron da ke ciki kan zama gari. Wanda ya kwance buhun ya tarar da rabi gero rabi gari, ya san shekara ɗaya ke nan da ɗaure shi. In kuwa ya tarar da kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya rage gero, to shekara biyu ke nan. Daskarewar narkakken dutse ita ce ɗaure bakin buhu, domin daga lokacin ne abin da ya rikiɗe ke taruwa a cikin ma'adinin ba tare da ya fita ba.

Sharaɗin shi ne kada buhun ya huje. Idan dutse ya sake yin zafi sosai, ko ruwa ya ratsa shi, lissafin na iya rikicewa. Shi ya sa masana kan auna dutse guda da hanyoyi uku ko huɗu mabambanta, sai sun yi daidai da juna sannan a amince da sakamakon.

Da wannan hanya ce wani masanin Amurka, Clair Patterson, ya sanar a 1956 cewa shekarun duniya sun kai biliyan 4 da miliyan 550. Dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sama ya auna, domin duwatsun farko na wannan duniya duk sun narke ko sun sauya. Har yanzu adadin nasa bai canza sosai ba.

Baƙon da ya fi mai masaukinsa ƙuruciya

Idan aka yi amfani da wannan agogo a kan duwatsun da ke ƙasar Katsina da Zamfara, sai a ga wani abin mamaki: dutsen da ya zo daga Mars yaro ne ƙarami a kan waɗanda ya tarar.

Daga Faskari zuwa Gusau, har Anka da Bukkuyum da garuruwa irin su Gwashi, ƙasar tana zaune ne a kan tsoffin duwatsu masu tauri waɗanda masana ke kira tushen ƙasa. Sun sami kamanninsu na yanzu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da wasu manyan sassan nahiyar Afirka suka yi karo suka haɗe, aka sami tsaunuka masu tsawo. Tsaunukan sun zaizaye tuni. Manyan duwatsu irin na Kwatarkwashi saiwoyinsu ne da suka daskare a can ƙarƙashin ƙasa, zaizaya ta fito da su fili.

A wancan zamani ne ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya riƙa bin tsagogin duwatsu yana ajiye zinariya, a wasu wuraren tare da dalma. Wannan haɗi ne ya jawo bala'in da aka gano a 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Shi kansa Patterson, bayan ya ga yadda dalma ke gurɓata awonsa a ɗakin gwaji, ya shafe shekaru masu yawa yana fafutukar ganin an daina zuba ta a cikin man fetur.

Idan aka nausa yamma wajen Gummi, sannan arewa zuwa Sakkwato, sai tsoffin duwatsun su nutse ƙarƙashin wasu shimfiɗu na yashi da laka da farar ƙasa. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita ta kwanta ne a ƙarƙashin wani teku da ya mamaye yankin kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A nan ake ganin ƙa'ida mafi sauƙi a wannan ilimi: shimfiɗar da ke sama ta zo bayan wadda ke ƙasa. Ƙa'idar ba ta bayar da adadin shekaru, amma tana nuna wane ne babba, kuma tana aiki a Mars kamar yadda take aiki a Sakkwato.

Tsaran dutsen Zagami a Nijeriya su ne duwatsun kuza na Jos da na Riruwai a Jihar Kano, waɗanda ragowar tsoffin duwatsu ne masu aman wuta na kimanin shekara miliyan 170. Wato a lokacin da wuta ke fita daga ƙasa a kudancin Kano, tana kuma fita a wani wuri a Mars.

Ƙidayar ramuka

Agogon sinadarai yana bukatar a riƙe dutse a hannu. To yaya za a yi da wurin da hotonsa kawai ake da shi? A nan ne ƙidayar ramuka ke shigowa.

Duk wanda ya taɓa ganin yayyafi na sauka a kan rairayin tsakar gida ya san ka'idar. Wurin da aka share yanzu ɗigo kaɗan ne a kansa, wanda aka daɗe ba a share ba kuwa ya cika da tabo. Duwatsun sama suna faɗa wa duniyoyi tun farkon samuwarsu, kowanne ya bar rami. Kwararar narkakken dutse ita ce tsintsiya, domin takan binne tsoffin ramuka ta bar fili sumul. Saboda haka filin da ramukansa suka fi yawa shi ne mafi tsufa.

Ana iya ganin wannan a jikin wata. Sassansa masu haske cike suke da ramuka, wani a kan wani, baƙaƙen wuraren da ake hange da ido kuwa filaye ne na daskararren dutsen aman wuta masu ƙarancin ramuka.

Kafin ƙidayar ta zama shekaru, sai an san yawan duwatsun da ke faɗowa a cikin wani ƙayyadadden lokaci. Wannan ne babban amfanin tafiye-tafiyen Apollo, waɗanda tsakanin 1969 da 1972 suka kawo kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata. An auna shekarunsu a ɗakin gwaji, aka ƙirga ramukan wuraren da aka ɗebo su, sai aka sami ma'auni. Masana irin su William Hartmann na Amurka da Gerhard Neukum na Jamus suna cikin waɗanda suka tsara shi.

Sai dai ma'aunin yana da giɓi, domin duwatsun aman wutar da Apollo ta kawo duk sun haura shekara biliyan 3. A watan Disambar 2020 kumbon China mai suna Chang'e 5 ya kawo giram 1,731 daga wani fili mai ƙarancin ramuka, aka tarar shekarunsu biliyan 2 ne. A watan Yunin 2024 kuma Chang'e 6 ya kawo samfuri na farko daga bayan wata, wato ɓangaren da ba a gani daga duniya, inda aka sami dutsen aman wuta mai shekara biliyan 2 da miliyan 800.

Ga Mars kuwa, aron ma'aunin wata ake yi a yi masa gyara, saboda Mars ta fi kusa da yankin da ƙananan duwatsu suka taru, kuma janta ya fi na wata ƙarfi. Wannan aro na iya sa lissafi ya kauce da ninki biyu. Akwai kuma wata matsalar: babban karo guda yakan watsa ɓaraguzai da za su haƙa miliyoyin ƙananan ramuka a rana ɗaya, waɗanda za su iya yaudarar mai ƙidaya ya ɗauka fili ya tsufa.

Don rage wannan shakka, kumbunan da ke kewaya Mars suna ɗaukar hoton wuri guda a lokuta dabam-dabam, kuma sun ga ɗaruruwan sababbin ramuka. A ranar 24 ga Disambar 2021 na'urar InSight ta ji girgizar wani karo, daga baya aka gano ramin da ya bari mai faɗin mita 150.

Ramin aman wuta ko na faɗowar dutse?

Ba kowane rami mai da'ira ba ne dutsen sama ya haƙa. Tafkin Tila da ke kusa da Biu bakin wani tsohon dutse ne mai aman wuta. Haka ma tafkin Nyos na Kamaru, wanda a ranar 21 ga Agustan 1986 ya fitar da iskar da ta hallaka mutane kimanin 1,700. Amma tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Ghana, mai rami da faɗinsa ya wuce kilomita 10, karo ne ya haifar da shi fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce. Haka ramin Aorounga da ke arewacin Chadi.

An daɗe ana muhawara kan yadda za a bambanta su, har ma masana da yawa sun ɗauka ramukan wata na aman wuta ne. A 1960 Eugene Shoemaker da Edward Chao suka gano wani ma'adini a ramin da ke Arizona a Amurka, wanda ba ya samuwa sai da matsin da ya fi ƙarfin aman wuta. Tun daga lokacin irin waɗannan ma'adinai suka zama shaidar da ake nema.

Ramukan karo kimanin 200 ne kawai aka tabbatar a wannan duniya tamu. Ba don duwatsu sun ƙi faɗo mata ba ne, sai don ruwa da iska da motsin ƙasa suna shafe su. Mars ba ta da irin wannan motsi, shi ya sa ta adana tarihin da ya ɓace a nan.

Rikicin da dutsen ya haifar

Ƙidayar ramuka ta nuna cewa mafi yawan ƙasar Mars tsohuwa ce ƙwarai, musamman kudancinta, inda shekaru suka haura biliyan 3 da rabi. Amma yawancin duwatsun Mars da aka tsinta a duniya dangin na Zagami ne, masu shekaru ƙasa da miliyan 600. Tsofaffi kaɗan ne, kamar ALH 84001 da aka tsinta a Antatika a 1984, mai shekara biliyan 4 da 'yan kai. Me ya sa tsohuwar duniya ke aiko da sababbin duwatsu?

A 2005 wasu masana a birnin Lyon na Faransa suka ce agogon ne aka karanta ba daidai ba. A ganinsu shekarun Zagami da 'yan uwansa sun kai biliyan 4, kuma wani abu ne daga baya ya rikita lissafin. Muhawarar ta ɗauki shekaru. A 2013 aka auna wasu ƙananan ma'adinai masu riƙe yuraniyam da dalma da kyau a cikin dutsen Zagami da wani ɗan uwansa, sakamakon ya sake nuna kimanin shekara miliyan 180. A kan haka mafi yawan masana suka tsaya.

Bayanin da aka fi karɓa a yau shi ne cewa tsoffin filayen Mars sun sha karo har sun farfashe sun yi laushi, saboda haka ba sa jure cillawa zuwa sararin samaniya. Sabon dutsen aman wuta kuwa yana da tauri, shi ke kuɓuta. Irin waɗannan sababbin filaye suna yankuna biyu ne, Tharsis da Elysium. Kusa da Tharsis ne dutsen Olympus yake, mai tsawon fiye da kilomita 21, wato ya ninka Everest fiye da sau biyu. A 2024 wata tawaga ƙarƙashin Christopher Herd na Jami'ar Alberta a Kanada ta danganta wasu rukunonin duwatsun Mars da ramuka biyar a waɗannan yankuna.

Idan aka tabbatar da ramin da wani dutse ya fito, za a iya haɗa shekarunsa da ƙidayar ramukan filin da ke kewaye, Mars ta sami ma'aunin kanta. Abin da ya riga ya tabbata shi ne cewa Mars ba ta huce da wuri ba. Na'urar InSight, wadda ta yi aiki daga 2018 zuwa 2022, ta ji girgizar ƙasa da dama daga wani yanki na Elysium mai suna Cerberus Fossae, abin da wasu masana ke ganin alama ce ta cewa akwai sauran zafi a ƙarƙashi.

Gani dai ya kori ji. A 2013 motar bincike ta Curiosity ta auna shekarun wani dutse a can Mars, ta sami kimanin biliyan 4 da miliyan 200, wanda shi ne karo na farko da aka yi irin wannan awo a wata duniya. Motar Perseverance da ta sauka a ramin Jezero a watan Fabrairun 2021 ta tattara samfurori a cikin bututai, amma ba a kawo su duniya ba tukuna.

Sauran duniyoyi

Ƙidayar ramuka tana aiki a wasu wuraren. Duniyar Venus, wato Zara da Hausawa ke kira matar wata, tana da ramuka kimanin 1,000 kacal, abin da ke nuna cewa narkakken dutse ya sake shafe fuskarta cikin shekara biliyan 1 da ta wuce. A 2023 masana da suka sake duba hotunan kumbon Magellan na 1991 sun ga bakin wani dutse mai aman wuta ya sauya kama a cikin wata takwas. Io kuwa, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupiter, ba a ga ramin karo ko ɗaya a kansa ba, domin ɗaruruwan duwatsu masu aman wuta suna sabunta fuskarsa a kullum.

Na wane ne dutsen sama?

Duwatsun Mars da aka tabbatar ba su wuce kimanin 400 ba daga cikin duwatsun sama fiye da 77,000 da aka yi wa rajista, saboda haka suna da tsada ƙwarai. An daɗe ana lissafa na Zagami a matsayin dunƙule mafi girma da aka samu daga Mars. Daga baya an yayyanka wani babban kaso nasa ya shiga hannun 'yan kasuwa, kuma a yau gutsattsarinsa suna gidajen tarihi da jami'o'i da gidajen masu hali a ƙasashe da dama. A 1996 an maƙala wani ɗan ƙwaya daga jikinsa a kumbon Mars Global Surveyor, wanda ya mayar da shi kewayen duniyar da ya fito.

A watan Nuwambar 2023 aka tsinci wanda ya fi shi girma a Jihar Agadez ta Nijar, mai nauyin kusan kilo 25, aka yi masa laƙabi da NWA 16788. A ranar 16 ga Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York a kan dala miliyan 5 da dubu 300. Gwamnatin Nijar ta ba da umarnin gudanar da bincike kan yadda dutsen ya bar ƙasar, yayin da kamfanin ya ce an bi ƙa'idojin da suka dace wajen fitar da shi.

Masu goyon bayan cinikin suna cewa kuɗi ne ke sa makiyaya da masu yawon Sahara su riƙa neman duwatsun, in ba haka ba da yawa za su lalace a cikin rairayi. Masu adawa kuwa suna ganin gado ne na ƙasar da dutsen ya faɗo, kuma ya kamata ɗalibanta su same shi a jami'o'insu.

Akwai kuma asarar da ta shafi ilimin kansa. Dutsen da aka tsinta ba a rubuta wurin da ranar ba, ko aka wanke shi da ruwa, ko aka farfasa shi ana neman zinariya a ciki, ya rasa wani ɓangare na darajarsa. Masana kan ba da shawarar a ɗauki irin wannan dutse da tsumma ko leda mai tsabta, a ajiye shi a busasshen wuri, a lura da daidai inda ya faɗo, sannan a sanar da sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa ko hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa. Da manomin Zagami ya bar dutsen a cikin raminsa, da damina ɗaya ko biyu sun isa su ɓatar da shi a cikin sauran duwatsun gonar.